Awon Hular Haƙori: Kwaɓi Ko Kyamara?

(KIƊAN BUƊE SHIRI, YA SAUKA A HANKALI)



Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa sayen hula ya san tambayar farko da mai hula zai yi masa: lamba nawa kake sawa? Ka ce 22, ko 22 da rabi. Rabin incin nan shi ne tsakanin hular da za ta zauna daram, da wadda za ta bar maka zane a goshi, da wadda iska za ta ɗauke kana kan babur. To yau ma zancen hula za mu yi, amma ba ta kai ba, ta haƙori. Ita kuwa ba a yi mata lissafi da inci. Kuskuren da bai wuce kaurin silin gashi biyu ba ya isa ya ɓata ta.

Hular haƙori ita ce murfin da likita ke kifa wa haƙorin da ya raunana: turmin da kogo ya cinye rabinsa, ko wanda ya tsage, ko wanda aka cire wa jijiya ya zama mai saurin karyewa. Maimakon a cire shi, sai likita ya fere shi ta kowane gefe, ya rage masa kamar milimita 1 zuwa 2, ya bar kututture. A kan kututturen nan ake kifa hular, a liƙe ta da wani siminti na musamman. Akwai ta zinare, akwai ta ƙarfe da aka lulluɓe da tangaran, akwai kuma ta wani farin abu mai taurin gaske da ake kira zakoniya, ita ce ake yayi yanzu.

Ni mai magana da ku ina da ɗaya a turmin hagu na ƙasa. Tsakuwa ce a cikin shinkafa da wake ta yi mini wannan aika-aika. Aka fere haƙorin, aka ɗauki awo, aka ce in dawo bayan mako biyu. Na dawo da murnata, likita ya kifa hular, na duba madubi na ga fes. Sai ya ɗauko wani ɗan tsinken ƙarfe mai lanƙwasasshen kai, ya dinga zagaya gindin hular da shi, yana tsayawa a wuri ɗaya, yana komawa. Can sai ya cire ta ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba zan liƙa maka wannan ba. Sai mun sake awo." Ranar raina ya ɓaci ƙwarai. Kuɗin mota, izinin da na nema a wurin aiki, ga wani mako biyun na tauna da gefe ɗaya. Na fita ina gunaguni. Sai daga baya na fahimci abin da tsinken nan ya ji, wanda idona bai gani ba.

Mu farin hular muke dubawa. Shi likita bakinta yake dubawa, can ƙasa inda ta haɗu da haƙori, dab da dasashi. Idan akwai giɓi a wurin, siminti ne zai cike shi da farko. Amma siminti yana cikin yawu dare da rana, ga shayi mai zafi, ga ruwan sanyi, ga tsamin zoɓo da tsamiya, ga tauna. A hankali sai ya zaizaye. Ƙwayoyin cuta su samu ɗaki, a inda buroshi ba ya kaiwa, aswaki ma ba ya kaiwa. Haƙorin ya soma ruɓewa a ƙarƙashin hula, daga waje kuwa tana nan tana ƙyalli. In an riga an cire jijiya, ko zafi mutum ba zai ji ba. Sai dai ya lura dasashi ya kumbura a wurin, yana jini, baki yana wari, wata rana kuma hular ta faɗo da guntun haƙori a cikinta.

To nawa ne giɓin da za a iya yafewa? Ku ɗauki milimita ɗaya, ɗan ƙaramin zanen nan na jikin rula, ku raba shi gida 1,000. Kowane gida sunansa maikuron. Silin gashin mutum yana tsakanin maikuron 50 da 100. Takardar littafin rubutu kusan 100 ce. A 1971 wasu masana biyu a Ingila, McLean da von Fraunhofer, suka bibiyi gyare-gyaren haƙori 1,000 na tsawon shekara 5, suka ce idan giɓin bai haura maikuron 120 ba, aikin zai yi ƙarko. Har yau wannan lambar ce aka fi kafa hujja da ita. Ita kuwa ƙwayar cuta ɗaya girmanta kamar maikuron 1 ne. Kun ga ke nan ko giɓin da aka yafe ɗin, a wurinta ƙofar gari ce. Don haka duk abin da aka rage riba ne.

Hular nan kuma ba a cikin bakinka ake ƙera ta ba. Wani ne dabam, a ɗakin ƙira, wanda galibi bai taɓa ganin fuskarka ba, zai zauna ya yi ta. Abin da ke hannunsa kawai shi ne awon da likita ya aika masa. In awon ya yi ƙarya, hular za ta yi ƙarya, komai gwanintarsa. Hanyoyin ɗaukar awon kuwa yau biyu ne.

Ta farko ita ce wadda aka gada, bari mu kira ta awon kwaɓi. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwanen alminiyam ya riga ya san dabarar. Suna danna tukunya a cikin danshin yashi, su zare ta, ta bar gurbinta, su zuba narkakken ƙarfe a gurbin. Haka likita ke yi. Zai kwaɓa wani abu mai laushi, ya cika ɗan faranti mai siffar muƙamuƙi, ya danna a kan haƙoranka, ka zauna baki buɗe na 'yan mintoci har ya daskare ya zama kamar roba, sannan ya zare. A gurbin nan ake zuba farin gari, dangin wanda ake yin silin ɗin ɗaki da shi amma ya fi shi tauri, a samu haƙoranka na dutse. A kansu mai ƙira zai gina hular.

Dabarar ta tsufa. Tun 1756 Philipp Pfaff, likitan haƙorin Sarkin Furushiya a ƙasar Jamus ta yau, ya rubuta yadda ake ɗaukar gurbin baki da kaki a zuba farin gari a ciki. A 1907 wani likitan haƙori na Shikago a Amurka, William Taggart, ya yaɗa dabarar gina abu da kaki, a lulluɓe shi, a narkar da kakin ya tsiyaye, a zuba zinare a gurbinsa. Aka yi ta yaba masa. Ni dai da na karanta sai na yi murmushi, domin maƙeran tagulla na Benin sun yi ɗaruruwan shekaru suna wannan zubin kafin a haife shi.

Kwaɓin ma iri-iri ne, kuma a nan nake so ku kasa kunne. Akwai mai araha da ake kira aljinet. Daga ciyawar teku ake samo shi, ya kuma samu karɓuwa ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da wani kayan awon da ake kawowa daga Japan ya yanke. Gari ne, da ruwa ake kwaɓa shi, kuma ruwan nan shi ne rauninsa. In aka bar shi a sarari sai ya bushe ya tsuke. In aka tsoma shi a ruwa sai ya kumbura. Ƙa'idarsa a zuba masa farin garin nan da nan, cikin 'yan mintoci. Ku kwatanta shi a kan tebur a Sakkwato ko Maraɗi da tsakar hunturu, iskar da ke fasa leɓe da diddige tana kaɗa shi, an ce sai an gama ganin marasa lafiya za a zuba. Aljinet yana da amfaninsa: awon haƙoran da ke fuskantar hular, da yin hular wucin gadi. Amma awon ƙarshe na kututturen da za a kifa wa hula, wannan ba aikinsa ba ne.

Masu aikin su ne silikon da wani ɗan'uwansa da ake kira foliyita. Suna kama zanen da ido ba ya gani, kuma silikon yana iya yin kwanaki bai sauya ba. Sai dai su ma suna da halinsu. Kumfar iska ɗaya in ta faɗa daidai bakin kututture, an gama. Ɗigon jini ko yawu yana hana kwaɓin kwanciya. In likita ya yi gaggawar zarewa, ko mara lafiya ya motsa saboda yunƙurin amai, gurbin zai ja. Zafin gari yana sa kwaɓin ya daskare tun ba a gama danna shi ba. Kai, hatta safar hannu ta roba irin ta da, sinadarin farar wuta da ke jikinta yana iya hana silikon daskarewa. Shi kuma foliyita yana shan ruwa in ya daɗe a jiƙe. Daga nan a wanke awon da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ɗaure, a aika. A can farin garin yana ɗan kumbura idan yana daskarewa, kaki yana ɗan tsukewa, ƙarfe ma haka. Kamar ka yi fotokwafin takarda, ka yi fotokwafin fotokwafin, ka sake yi. Kowane hawa da ɗan abin da yake ci.

Kada ku ɗauka ƙanƙanin abu ne. A 2005 an buga wani bincike da aka yi a Isra'ila, inda aka je ɗakunan ƙira aka duba awon kwaɓi 193 da likitoci suka aiko. Kashi 89 cikin 100 an same su da aƙalla aibi ɗaya da ido ke iya gani. Ba kayan ne suka gaza ba. Hannu ne, da gaggawa, da rashin tsayawa a duba kafin a aika.

(KIƊA KAƊAN)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan awon hular haƙori. Mun ji na kwaɓi, saura na kyamara.

Wani ɗalibin likitancin haƙori a Liyon ta Faransa, François Duret, shi ya fara kawo tunanin a kundinsa na 1973: me zai hana a auna haƙori da haske? A lokacin kwamfutar da za ta ɗauki aikin ma ba ta wadata ba. Sai a 1985, a Jami'ar Zurik ta Suwizalan, likita Werner Mörmann da injiniya Marco Brandestini suka yi wa mara lafiya na farko aiki da na'urar da suka sa wa suna CEREC. Ta ɗauki hoton haƙori, ta sassaƙa abin cike kogon daga dunƙulen tangaran, aka liƙa, duk a zama ɗaya. Yau kamfanoni da yawa suna yin irinta, akwai iTero, akwai TRIOS ta ƙasar Denmak, akwai Medit ta Koriya ta Kudu.

Abin da za ka gani a hannun likita sanda ce da ta ɗan fi buroshin haƙori kauri, da ƙaramar taga a kanta. Tana haska haƙori, tana ɗaukar hotuna da yawa a kowace daƙiƙa, kwamfuta tana ɗinke su, haƙoranka suna tsirowa a kan allo kana kallo. Haske ne kawai, ba irin na hoton ƙashi ba, don haka ko mai juna biyu ba ta da abin tsoro a nan. Na'urorin farko sai an barbaɗa wa haƙori farar hoda kafin su gani, yawancin na yanzu ba sa bukata. Daga nan a zana hular a kwamfuta, inji ya sassaƙa ta. In zakoniya ce, da gangan ake sassaƙa ta ta fi girman da ake so da kusan kashi 20 zuwa 25 cikin 100, domin za ta tsuke a cikin tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 1,500. Mai ginin tukunyar ƙasa ta san wannan lissafin, ita da ido take yi, su da kwamfuta.

To wanne ya fi daidai? Kafin amsa, sai mun rarrabe abu biyu da masana ke aunawa dabam-dabam. Ku tuna mudun da aka buga wa gindi a kasuwar hatsi. Ka auna da shi sau goma, sau goma zai ba ka abu ɗaya, bai taɓa saɓa wa kansa ba, amma duk goman ƙarya ne. Wani mudun kuma cikakke ne, sai dai mai awon yau ya tula, gobe ya shafe. Na farko yana da tsayuwa ba shi da gaskiya, na biyu yana da gaskiya ba shi da tsayuwa. Awon haƙori sai ya haɗa biyun. Idan mai tallar na'ura ya ce maka tasa ba ta kuskure, ka tambaye shi wanne daga ciki yake nufi.

A kan hula ɗaya, haƙori ɗaya, ga abin da aka samu. A 2010 an yi wani gwaji a Jamus da mutum 20. Kowannensu an yi wa haƙorinsa ɗaya huluna biyu, ɗaya daga kwaɓi, ɗaya daga kyamara, aka auna giɓin kowace. Tsaka-tsakin giɓin na kwaɓi maikuron 71, na kyamara 49. Kyamara ta ci. Amma ku lura da abu biyu. Jagoran binciken ma'aikacin kamfanin da ke ƙera na'urar ne. Wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba, sai dai mai kaya ba ya kushe kayansa, dole a jira a ji daga bakin wasu. Na biyu kuma, 71 da 49 duk suna ƙasa da 120 nesa ba kusa ba.

Wasun kuwa sun yi magana. A 2016 an fitar da manyan nazarce-nazarce biyu da suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a wurare dabam-dabam. Ɗaya ya ce kyamara ta ɗan fi, ɗayan ya ce babu wani bambancin a zo a gani. A 2018 wasu masana daga Finlan suka sake tattarawa, suka ce a hula ɗaya da gajeriyar gada, wato haƙoran da ake jerawa a cike giɓi, hanyoyin biyu kunnen doki suke.

Da aikin ya yi tsawo kuwa, sai labari ya sauya. Abin sha'awa, daga Zurik ɗin da aka haifi na'urar aka fi nuna haka. A 2013 Andreas Ender da Albert Mehl suka auna muƙamuƙi guda cur, daga turmin dama zuwa na hagu. Awon kwaɓi mai kyau ya kauce wa gaskiya da kamar maikuron 20, na kyamara da kusan 59. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwaɓi yana kama baki duka a lokaci ɗaya. Kyamara kuwa ɗan wuri kaɗan take gani, sai ta jingina hoto na biyu a kan na farko, na uku a kan na biyu. Kamar magini ne yana jera bulo ba igiya. Bulo uku ko huɗu ba za ka ga komai ba. Kafin ya kai ƙarshen katanga ta yi ciki. Na'urorin da suka fito bayan nan sun rage tazarar sosai, gaskiya ne, amma har yanzu a dogon aiki, da bakin da ba haƙora, inda kyamara ba ta da alamar da za ta riƙe, likitoci da yawa kwaɓinsu suke komawa.

Akwai wuri na biyu da kyamara ke durƙusawa, kuma shi ya fi shafarmu. Haske ba ya ratsa jini, ba ya ratsa nama. Idan kogo ya ci haƙori har ƙasan dasashi, bakin kututturen yana ɓoye a can ciki. Dole likita ya tura wani siririn zare tsakanin haƙori da dasashi ya buɗa wurin, ya tsayar da jini, ya busar da yawu. In bai yi ba, kwamfuta ba za ta ce ban gani ba. Sai ta shafe wurin sumul da zato, hoto ya fito kyakkyawa a allo, alhali ƙirƙira ce. Kwaɓi a nan yana da 'yar fa'ida, domin ana iya matsa shi ya kutsa cikin lungun da haske bai kai ba. Mu kuwa mun san halinmu, ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana barci, an gwada kanumfari, an gwada gishiri, an gwada ƙwayoyin kemis. Lokacin da za mu iso, ɓarnar ta riga ta gangara ƙasan dasashi.

To mene ne ainihin fifikon kyamara, in ba daidaito ba? A ganina, ita tana tona asirin kuskure nan take. Likita yana ganin kututturen a allo ya zama kamar tulu don girma. In wani gefe bai fito ba, ko ferewar ba ta yi santsi ba, zai gani kana zaune, ya gyara, ya sake haska wurin kaɗai cikin daƙiƙoƙi. Kuskuren kwaɓi kuwa yakan yi lamo sai bayan mako biyu, kamar yadda ya faru da ni. Sannan awon kyamara ba ya bushewa, ba ya narkewa a bayan mota. In ɗakin ƙira yana Legas ko Abuja, ta intanet zai isa cikin mintoci, ba sai an kai tasha an ba direba ba. Mai saurin tashin zuciya kuma ya huta da farantin da ke taɓo maƙogwaro. Kusan duk inda aka tambayi marasa lafiya, kyamara suka zaɓa.

Kuɗinta fa? Dubban daloli ne, ga kwamfuta mai ƙarfi, ga wutar da ba ta yankewa, ga daidaita na'urar lokaci-lokaci, ga koyon riƙe ta, domin hannun sabon shiga da na gwani ba sa ba da awo ɗaya. Duk wannan a kan mara lafiya zai sauka. Saboda haka in asibitin da ke kusa da kai ba shi da ita, kada ka ɗauka an cuce ka. Likitan da ya iya ferewa, ya sa zare, ya busar da wuri, ya yi amfani da silikon mai kyau, ya ɗaga awon a haske ya duba kafin ya aika, zai ba ka hular da ba ta gaza ta kowa ba. Wanda kuma ya haska kyamara a kan dasashi mai jini, tsadar na'urarsa ba za ta cece ka ba.

Af, kafin in manta. Akwai hanya ta tsakiya da ake yawan bi: a ɗauki awon kwaɓi, a zuba haƙoran dutse, sannan a ɗakin ƙira a haska dutsen da na'ura a sassaƙa hular da inji. Hanya ce mai kyau. Amma in an ce maka hularka "ta kwamfuta ce", ka sani duk aibin da ke cikin kwaɓin nan kwamfuta za ta kwafe shi da aminci, ba za ta gyara ba.

Kai ma mai sauraro kana da naka aikin. Dasashin da ke jini da an taɓa shi ba ya awo, ko da wace hanya. In likita ya ce sai an fara wanke haƙora a jira kwana bakwai ko goma, ba jan rai ba ne. In kana da ciwon sukari, ko kana shan maganin tsinka jini, ka faɗa tun farko, kuma kada ka daina shan magani da kanka. Ka riƙe hular wucin gadi da kyau, in ta faɗi ka koma a mayar, domin haƙori yana matsawa cikin 'yan kwanaki, dasashi yana rufowa, awon da aka ɗauka ya tashi a banza. Ranar sa hular kuma, kafin a liƙa, ka lura ko an zagaya bakinta da tsinken nan, ko an zura zaren sakace tsakaninta da maƙwabtanta an ji ya ɗan tirje kafin ya wuce, ko an ba ka takarda mai launi ka ciza. In ka haɗa haƙora ka ji ita ce ke fara taɓawa, faɗi a lokacin. Kunya ba ta da wuri a kujerar nan. Ka kuma tabbata wanda ke aikin likita ne mai rajista. A Najeriya akwai hukumar da ke yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista, masu ƙirar haƙori ma suna da tasu.

Wannan ya kawo ni kan hular da muka fi sani, haƙorin Makka. Alhazai da hajiyoyi, iyayenmu, a gafarce ni. Ado ne da al'ada, kuma ba ni da ja a kan mutum ya yi murnar sauke farali. Amma duk wannan dogon zancen da muka yi, ana jayayya ne a kan maikuron 49 da 71. Da yawa daga haƙoran Makka kuwa ba a ɗauki awon komai ba. Kwanso ne da aka riga aka buga, a zaɓi wanda ya yi kusa, a cika da siminti a danna a kan lafiyayyen haƙori, wani lokaci ma bayan an goge shi. Giɓin da ke gindinsa ba sai da tsinken likita ba, farce ma yana jin sa. Can abinci ke maƙalewa shekara da shekaru. Wanda yake son adon nan, ana iya yi masa shi da awo, a wurin likita, ya zauna daidai.

Hular da aka sake yi mini, ta awon kwaɓi ce, kuma tana nan har yau, da ita na ci naman sallar bana. Don haka roƙona biyu ne. In likita ya duba awo ya ce sai an sake, ku buɗe baki a sake, kada ku yi fushin da na yi. Duk kuma mai hula a baki, ta zinare ce ko fara, ta Makka ce ko ta gida, in yana ganin jini a gindinta, ko yana jin wari, ko abinci yana yawan maƙalewa a wurin, ya je a duba masa ita a makon nan, ko da ba ta ciwo.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A kwana lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)